Tsohon Ƙarfe Mai Tsada: Bayani a kan Cinikin Baburan Ajiya a Turai da Amurka

Gabatarwa

A farkon shekarar 2025, a wani gwanjo da kamfanin Mecum ya gudanar a birnin Las Vegas na ƙasar Amurka, an sayar da wani babur ƙirar Cyclone, wanda aka ƙera tun 1915, a kan kuɗi dala 1,320,000. Babur ne mai shekara 110 a duniya, kamfanin da ya yi shi kuwa ya daina ƙera babura tun kafin a gama Yaƙin Duniya na Farko. Duk wani ƙaramin babur da ake haya da shi a yau ya fi shi sauƙin tashi, ya fi shi birki, ya kuma fi shi jure wahalar hanya. Amma duk da haka mutane masu cikakken hankali suka yi ta ɗaga hannu, suna ɗora tayi bisa tayi, har kuɗinsa ya zarce dala miliyan ɗaya.

Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana wa mai karatu yadda irin wannan ciniki yake gudana, da abin da ke sa wani tsohon babur ya yi tsada alhali ɗan'uwansa ya ƙare a kan sikelin masu sayen ƙarfe. Ciniki ne wanda gidansa Ingila da Amurka, sai kuma Italiya da Jamus da Japan, saboda haka daga can za a ɗebo misalai. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, a wannan kasuwa mai saye yana biyan kuɗinsa ne domin labarin babur da kuma shaidar da ke tabbatar da labarin. Shi ƙarfen kansa a baya yake biyowa.

Kalmomi uku

Tun da yake wannan mujalla ta harshe ce, ya kyautu a fara da kalmomi. Akan ji wasu na cewa kalmar babur kwaikwayon ƙarar inji ce, watau bur-bur ɗin da yake yi idan ya tashi. Bayani ne mai daɗin ji, amma a ganina akwai wanda ya fi shi ƙarfi. A Larabcin Masar da Sudan da ƙasashen Magrib akwai kalmar babur ko wabur, wadda suka aro daga kalmar Turawan Faransa da Italiya mai nufin tururi. Da ita suke kiran jirgin ruwa mai tururi, da kan jirgin ƙasa, da injin ban ruwa, har ma da risho na kananzir. Ba abin mamaki ba ne kalmar da ke nufin inji mai ƙugi ta biyo fatake da alhazai, ta zo ta sauka a kan inji mai ƙafa biyu. Ban da ita akwai mashin, daga Ingilishi, a Nijar kuma akan ce moto, daga Faransanci.

Kalma ta biyu ita ce gwanjo, kuma tana bukatar hattara. Ma'anarta ta farko ita ce sayar da kaya a bainar jama'a ga wanda tayinsa ya fi na kowa. To, amma da yake yawancin abin da aka saba gani ana gwanjonsa kaya ne da aka gaji da su, ko kuwa na wanda bashi ya yi wa kanta, sai kalmar ta karkata, har ya zama a yau in an ce kayan gwanjo, tsofaffin tufafi masu araha ne ke faɗowa a zuciya. A nan ma'anar farko ake nufi. A kasuwar da muke magana a kanta, dandalin gwanjo shi ne inda kaya suka fi tsada, kuma can ne ake kai na gani na faɗa.

Ta uku ita ce sunan kayan su kansu. Da za a ce musu baburan tarihi, da an bar wasu a waje, domin daga cikinsu akwai waɗanda ba su daɗe da fitowa daga masana'anta ba. Saboda haka na zaɓi in kira su baburan ajiya, watau waɗanda ake saye domin a adana, a nuna wa jama'a, a riƙa hawa jefi-jefi, ko kuwa a jira kuɗinsu ya ƙaru. Masu wannan sha'awa suna da nasu ma'aunin shekaru. Ƙungiyar masu tsofaffin babura ta Ingila, wadda aka kafa a 1946, ta ware waɗanda aka ƙera kafin 1915 a aji guda, na 1915 zuwa 1930 a wani ajin. Takwararta ta Amurka, wadda aka kafa a 1954, tana karɓar duk babur ɗin da ya cika shekara 35. Gwamnatin Birtaniya kuma takan yafe wa abin hawan da ya haura shekara 40 harajin hanya. Sai dai tsufa shi kaɗai ba ya sa daraja. Honda Super Cub ya fito tun 1958, amma zuwa 2017 an ƙera fiye da miliyan 100, don haka mai shi ba zai yi arziki da shi ba ko da ya shekara 50 a zaurensa.

Yadda tsohon babur ya zama abin ajiya

Babur na farko da aka ƙera da yawa domin sayarwa shi ne na Hildebrand da Wolfmüller, a birnin Munich na Jamus, a 1894. Daga nan har bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ga mafi yawan mutane babur abin hawan wanda bai isa sayen mota ba ne, in ya tsufa kuwa a jefar. Abu biyu suka sauya wannan hali. Na farko, ƙananan motoci sun yi araha a Turai daga ƙarshen shekarun 1950, sai babur ya tashi daga abin larura ya koma abin nishaɗi. Na biyu, masana'antun Ingila sun durƙushe a gaban na Japan. Kamfanin BSA, wanda a shekarun 1950 babu kamarsa a duniya wajen yawan ƙera babura, ya faɗi a 1973. Abin da aka daina yi kuwa, daga ranar ake fara ƙidaya saura nawa. A 1998 gidan adana kayan fasaha na Guggenheim da ke New York ya shirya baje kolin babura zalla, a zaurukan da aka saba rataye zane-zanen manyan masu fasaha, jama'a kuma suka yi tururuwa. Wannan ya ƙara jawo hankalin attajirai masu tara zane da gumaka zuwa ga wannan fage.

Ƙaranci da suna

Sharaɗi na farko shi ne ƙaranci, amma ƙarancin abin da tun asali aka san shi da fifiko. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Brough Superior. George Brough ya yi ta ƙera su a Nottingham daga 1919 zuwa 1940, kuma a tsawon waɗannan shekaru duka abin da ya yi bai wuce kimanin 3,000 ba, waɗanda suka rage a yau kuwa wajen sulusi ne. Samfurinsa mai suna SS100, wanda ya fito a 1924, kowane ɗaya yakan zo da takardar shaida cewa an gwada shi ya yi gudun mil 100 a sa'a, a zamanin da yawancin motoci ba sa kusantar haka. Sa'an nan ga sunan T. E. Lawrence, wanda aka fi sani da Lawrence na Arabiya. Ya hau guda bakwai ɗaya bayan ɗaya, a kan na bakwai ɗin ne ya yi haɗari a Dorset a watan Mayu na 1935, ya mutu bayan kwana shida, ana cikin ƙera masa na takwas. Ɗaya daga likitocin da suka duba shi, Hugh Cairns, shi ne daga baya ya yi binciken da ya sa aka tilasta wa sojojin Birtaniya masu babura sanya hular kwano. Duk wanda ya sayi Brough a yau, da ɗan gutsuren wannan labari yake komawa gida.

Haka kuma Vincent, wanda ake ƙerawa a garin Stevenage har zuwa 1955. Samfurin Black Shadow na 1948, mai injin da girmansa ya kusa lita ɗaya, yana gudun mil 125 a sa'a, kuma an yi kimanin 1,700 ne kawai. Na tsere kuwa, Black Lightning, bai wuce talatin da 'yan kai ba. A watan Satumba na 1948 wani Ba'amurke mai suna Rollie Free ya hau Vincent a filin gishiri na Bonneville, ya tuɓe tufafinsa ya bar ɗan wandon wanka domin kada iska ta riƙe shi, ya kwanta rub da ciki a kan babur ɗin ƙafafu a miƙe, ya yi gudun da ya ɗan haura mil 150 a sa'a. Hoton da aka ɗauka a wannan rana yana cikin hotunan babur da aka fi sani a duniya, kuma har yanzu yana yi wa kowane Vincent talla, shekaru da dama bayan rufe masana'antar.

A watan Janairu na 2018 kamfanin Bonhams ya yi gwanjon wani Black Lightning na 1951 a Las Vegas a kan dala 929,000. Abin da ya ɗaga shi sama da 'yan'uwansa shi ne, a kansa ne Jack Ehret ya kafa tarihin gudu na ƙasar Ostareliya a 1953, mil 141.5 a sa'a, kuma an san hannun da ya bi tun daga masana'anta har zuwa ranar gwanjo. Haka wani Cyclone na 1915, wanda ɗan wasan sinima Steve McQueen ya taɓa mallaka, ya yi dala 852,500 a 2015. Sunan wanda ya taɓa riƙe abu yana bin abun, kamar yadda takobi ko alkyabbar wani sarki ta fi ta kasuwa daraja ko da ƙira ɗaya ce.

Fenti da tsatsa

A nan ne wannan kasuwa ta fi saɓa wa abin da aka sani a sauran ciniki. Mai sayar da tsohon abin hawa ya saba ya wanke shi, ya yi masa fenti, ya sauya abin da ya tsufa, domin ya yi kama da sabo. A da masu tara babura ma haka suke yi, har sukan wuce gona da iri, su goge inji ya riƙa ƙyalli fiye da ranar da ya fito daga masana'anta. Daga baya ra'ayi ya juya. Hujjarsu ita ce, ana iya sabunta babur sau goma, amma fentinsa na asali sau ɗaya ake yin sa, in an kankare shi ke nan ya tafi. Black Lightning ɗin Ehret da aka ambata, an gyara injinsa ya tashi, amma ba a taɓa fentinsa ba, da ƙujewarsa da komai aka sayar da shi, kuma wannan yana cikin abin da ya sa ya yi tsada.

Misalin da ya fi ban mamaki shi ne na 2016. An gano Brough Superior guda takwas a yankin Bodmin Moor na Cornwall, sun shafe shekaru masu yawa a yashe cikin rumbunan wani gida, tsatsa ta ci su, wasu ma a wargaje. Bonhams ya kai su gwanjo a garin Stafford a watan Afrilu na wannan shekara yadda aka same su. Ɗaya daga cikinsu, mai injin motar Austin da tayoyi biyu a baya kafaɗa da kafaɗa, wanda guda goma kacal aka taɓa yi, ya tashi a kan fam 331,900, alhali ko motsi ba ya yi. Wanda ya saya ya gwammace tsatsar da ba a taɓa ba a kan ƙyallin da bai san abin da ke ƙarƙashinsa ba.

Wannan ba ya nufin gyararren babur ba shi da kasuwa. Harley-Davidson na 1908 da aka sayar dala 935,000 a Janairun 2023 gyararre ne, sai dai an tsinto shi a wani rumbu a jihar Wisconsin tun 1941 da yawancin sassansa na asali, kuma an san inda ya zauna tun daga lokacin. Gyaran da ake karɓa shi ne wanda aka rubuta abin da aka yi, aka ɗauki hoto kafin a fara da bayan an gama.

Lamba da salsala

Idan labari ne ke sa kuɗi, to lalle ne a sami masu ƙaga labari. Saboda haka babban aikin mai saye shi ne bin salsala. Malamai masu karanta wannan mujalla sun san matsayin isnadi, watau jerin waɗanda magana ta bi ta hannunsu, da yadda giɓi ɗaya a cikin jerin ke raunana ta. Ba ina daidaita abubuwan biyu a daraja ba ne, amma hanyar tunanin iri ɗaya ce: wa ya fara saye, a wace shekara, wa ya karɓa daga gare shi, ina takardar da ta nuna haka.

Tushen wannan bincike shi ne lambobin da aka buga a jikin inji da kuma jikin firam, watau ƙarfen da ke riƙe da inji da ƙafafu. Littattafan masana'antun Brough da Vincent ba su salwanta ba, suna hannun ƙungiyoyin masu waɗannan babura, kuma a ciki an rubuta lambar kowane inji, da firam ɗin da aka ɗora shi a kai, da wanda aka aika wa. Babur ɗin da injinsa da firam ɗinsa suka fito tare, suka kuma zauna tare har yau, ya fi wanda aka harhaɗa daga gawarwaki biyu ko uku tsada nesa ba kusa ba. Kada kuma mai karatu ya ɗauka dacewar lamba na nufin lambobin su zama iri ɗaya. A yawancin Vincent masu silinda biyu na bayan yaƙi, lambar firam takan ɗara ta inji da 1,900, wanda bai san haka ba sai ya ƙi na gaskiya ya rungumi na jabu.

Algus ɗin da aka fi sani a kan Vincent mai sauƙi ne. Kamfanin yana da samfurin Rapide, wanda ya fi yawa ya kuma fi araha, kuma a ido kusan ɗaya suke da Black Shadow. Sai a shafe injin Rapide da baƙin fenti, a ɗora masa babban agogon gudu irin na Shadow, a fito da shi kasuwa. Abin da ke tona asiri harafi ɗaya ne: lambar injin Shadow tana da B bayan 1 a tsakiyarta, ta Rapide ba ta da shi. Don haka masana sukan zo da gilashin ƙara girma su duba ko an goge wurin an sake bugawa, ko siffar harafin ta yi daidai da hatimin masana'anta. Haka ake fama da Ducati 750 Super Sport na 1974, wanda aka yi guda 401 bayan nasarar Paul Smart a tseren Imola na 1972. Na kwaikwayo sun yi yawa ƙwarai, har ba a cinikin ɗaya sai masani ya duba shi.

Wani lokaci shaidar ce da kanta ke rushewa. Babur ɗin da aka ce Peter Fonda ya hau a fim ɗin Easy Rider na 1969 an yi gwanjonsa a 2014, tayi ya kai dala 1,350,000. Amma akwai wani mutum da ya ce na hannunsa ne na gaskiya, aka kuma tarar mutum ɗaya ne ya sa hannu a takardar shaidar duka biyun. Tun daga nan shakka ba ta rabu da su ba.

Akwai kuma inda aibi ke komawa ado. Sa'ad da Honda ya fito da CB750 a 1969, mai silinda huɗu da birkin faifai a gaba, kamfanin bai tabbata zai sami kasuwa ba, saboda haka bai kashe kuɗi wajen yin manyan ma'aikatan zubi ba. Injuna kimanin 7,400 na farko an zuba su ne ta hanyar da ta dace da kaya kaɗan, fatarsu ta fito da kaushi kamar ta tukunyar dalma, har masu sha'awa suke kiran su zubin yashi. Da kasuwa ta buɗe sai aka koma zubi mai santsi, wanda ya fi inganci. A yau mai kaushin ne ake rububi, kuɗinsa yakan ninka na mai santsin, don kawai yana shaida cewa shi na farkon fari ne.

Yadda cinikin ke gudana

Babura da yawa suna sauya hannu ne a asirce, tsakanin masu sha'awa da suka san juna ko ta hannun dillalai, ba a jin kuɗinsu. Farashin da duniya ke ji na gwanjo ne, musamman na Las Vegas a kowane Janairu da na Stafford sau biyu a shekara. Kamfanin gwanjo yakan buga kundi tun da wuri, da hoton kowane babur da tarihinsa da ƙiyasin abin da zai yi. Mai kaya yana da damar ya ajiye mafi ƙarancin kuɗin da zai sallama, a ɓoye tsakaninsa da kamfanin. Idan tayi bai kai nan ba, to ya zama kamar an ce albarka ke nan, babur ya koma gida. Irin wannan kwantai yana da illa, domin duk masu saye sun gani, kuma za su tuna idan ya sake fitowa. Wannan ne ya sa wasu ke sakin kayansu ba tare da wani sharaɗi ba, suna fatan zafin gasa ya ɗaga kuɗin.

Dole a lura da la'ada, domin takan ruɗa mai karanta labarin gwanjo. Kuɗin da ake bugawa a jaridu ya haɗa da kason da mai saye ke biyan kamfanin a kan tayinsa. Cyclone ɗin da aka buɗe wannan maƙala da shi, an buga guduma ne a kan dala 1,200,000, sai aka ɗora kashi 10 cikin 100. Shi ma mai kaya ana cire nasa kason daga abin da zai karɓa. Ke nan kamfanin yana ci ta fuska biyu, kuma wanda ya sayi babur yau ya sayar gobe a kan tayi ɗaya, ya yi hasara mai yawa, tun ba a lissafa kuɗin dako da inshora da na kwastan ba. A 'yan shekarun nan gwanjo ta intanet ya ƙwace wani ɓangare na kasuwar, musamman na babura masu matsakaicin kuɗi, inda akan baje hotuna masu yawa na tsawon mako guda kafin a rufe tayi.

Baburan gudu na zamani

Ƙarancin Brough da Cyclone zamani ne ya kawo shi: yaƙi, da tsatsa, da masu narka ƙarfe. Na baburan zamani kuwa yana da tushe dabam. Wani daga dokar tsere ya samo asali. Gasar duniya ta baburan da ake sayar wa jama'a, wadda aka fara a 1988, ta shar'anta cewa kamfani ba zai shiga da wani samfuri ba sai ya ƙera adadi kaza ya sayar a kasuwa. Sai kamfanoni suka riƙa yin babur na tsere tsantsa, su maƙala masa fitila da madubi, su sayar da ɗan abin da doka ta nema. Honda RC30 irin wannan ne, kuma a kansa Fred Merkel ya ci gasar a 1988 da 1989. Waɗannan suna da hujjar tsada mai ƙarfi, domin ƙarancinsu yana da dalili kuma sun yi abin da aka yi su dominsa.

Wani kuma sauyin doka ko yarjejeniya ne ke yanke shi. Suzuki Hayabusa ya fito a 1999 yana wuce kilomita 300 a sa'a. Sunan na wani shaho ne a harshen Japan, wanda ke farautar tsuntsun da Honda ya sa wa nasa babur suna, watau habaici ne a cikin suna. Tsoron kada hukumomin Turai su sa doka ya sa kamfanonin suka amince a tsakaninsu su ƙayyade gudu kada ya kai kilomita 300, saboda haka Hayabusa na farkon fitowa, wanda ba a sa wa takunkumi ba, ya zama abin nema.

Na uku shi ne ƙarancin da kamfani ke ƙirƙira da gangan. Ducati ya yi Desmosedici RR guda 1,500 a 2007 da 2008, da Superleggera V4 guda 500 a 2020, kowane da lambarsa a rubuce a gaban mahayi. A nan ne nake ganin mai saye ya fi bukatar taka-tsantsan. Babur ɗin da kowa ya san na ajiya ne tun ranar fitowarsa, kowa zai ajiye shi, wasu ma ba sa fitar da shi daga akwatin da ya zo a ciki. Bayan shekara 30 kusan dukansu suna nan sababbi fil, ba kamar Vincent ba wanda aka hau har ya ƙare. Daɗin daɗawa, babur ba ya son zama. Roba takan bushe, mai ya daskare ya toshe hanyoyinsa, tanki ya yi tsatsa daga ciki, taya ta tsattsage. Mai shi yana tsakanin abu biyu: in ya hau, agogon mil ya ƙaru kuɗi ya ragu, in ya bari kuwa ya lalace a tsaye. Akwai kuma matsalar da tsofaffin ba su da ita. Duk wani ƙarfe na injin 1930, ƙwararren maƙeri mai injin fiƙa yana iya sassaƙa irinsa. Amma ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa injin 2008, in ta mutu kuma kamfani ya daina yin ta, samun madadinta aiki ne ja.

Shekarun masu saye ma suna juya farashi. Mutum yakan nemi babur ɗin da ya yi ta kallo yana saurayi ba shi da ko sisi, sa'ad da ya manyanta ya sami abin hannu. Waɗanda suka yi ƙuruciya da Triumph da BSA da Norton na shekarun 1950 da 1960 sun tsufa, da yawa suna sayarwa, don haka na gama-garin cikinsu sun daina hawa kamar da. Waɗanda suka taso da hoton Ducati 916 na 1994 a bangon ɗakinsu su ne masu kuɗi yanzu. 'Yan ƙalilan ne, irin su Brough da Vincent, suka tsallake wannan juyi, da yake sunansu ya riga ya wuce na tsara ɗaya.

Abin da ya shafe mu a nan kaɗan ne, amma akwai shi. Bayan rahoton Udoji na 1974 da ariyas ɗin da aka biya ma'aikata a 1975, malaman makaranta da akawuna da yawa sun sayi Vespa da Honda 175 da makamantansu. Yawancinsu sun ƙare a hannun 'yan gwangwan, sauran kuma suna jingine a zaure ko a ƙarƙashin wani dattijo mai zuwa kasuwa. An ƙera su da yawa, ba za su yi kuɗin Las Vegas ba. Sai dai Vespa, wadda kamfanin Piaggio ya fara yi a Italiya a 1946, sunanta kuma ke nufin zanzaro saboda siririn ƙugunta da ƙararta, tana da masu nema a Turai, kuma ma'aunin da suke amfani da shi shi ne wanda aka bayyana a sama. Rasiɗin sayen farko, da tsohuwar lambar jiha irin KN ko KD ko SO, da fentin asali ko ya koɗe, sun fi sabon fenti amfani a wurinsu. Sun sha sayen masu ƙyalli daga wasu ƙasashen Asiya, daga baya su tarar jiki biyu ko uku ne aka yi wa walda aka lulluɓe da ƙullun cike lotsawa. Shi ya sa mai saye a can yakan zo da ɗan mayen ƙarfe a aljihu, ya riƙa bin jikin Vespa da shi, duk inda ya ƙi kamawa ya san ba ƙarfe ba ne a wurin.